Yarinyar da Ke Zama a Kan Buhunan Albasa

Zuwa ga Malama Tasalla,

Assalamu alaikum. Don Allah Malama ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon takardata, ban san inda zan yanke ta ba. Na sha farawa ina yagawa, saboda duk lokacin da na karanta sai in ga kamar abin bai kai a kawo shi jarida ba. Maigidana bai yi mini laifi ba, ba ni da rigima da kowa. Yarinyar da zan yi magana a kanta ma ba tawa ba ce, ba 'yar dangina ba ce, ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. Amma ta hana ni sakat, kuma ina tsoron wata rana za ta mutu a gaban idona ina zaune ban ce komai ba.

Ni haifaffiyar Kaduna ce, a can na tashi, a can na gama kwalejin horon malamai. Maigidana mutumin Jega ne, malamin gona. Da a Sakkwato muke zaune. Da aka yi jihar Kebbi aka ce ma'aikata kowa ya koma jiharsa, sai aka turo shi yankin Aliero, muka samu wurin zama a Sabiyal inda yake aiki da manoman albasa. Ni kuwa har yanzu ina jiran a ba ni aji. Mahaifiyarsa tana Jega, a unguwar Firchin, ciwon ƙafa ya matsa mata, don haka duk ranar kasuwar Jega nakan je in gaishe ta, in yi mata wanki da shara, in yi cefanenmu, in dawo da yamma. Maigidan bai yarda in shiga kowace mota ba sai a-kori-kurar Malam Surajo, wani dattijon direba da ke kwasar albasa zuwa kasuwa. Saboda mutuncin maigidana kullum gaba yake sa ni, jikin ƙofa.

Kin san yadda ake lodin motocin nan. Buhuna sai sun wuce bodi, a ɗaure su da igiya, sannan mutane su hau sama su zauna kowa da kayansa. Kafin mu hau kwalta akwai wata mararraba inda ƙaramar hanya ta fito daga wajen rugage. A nan muke ɗaukar wasu Fulani masu tallar nono, wata tsohuwa da wata matashiya wadda ba za ta kai shekaruna ba, da wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba. Matashiyar ce ke fara hawa, a miƙa mata ƙorai, ta nemi wuri ta zauna ta juya baya. Sai tsohuwar ta ɗaga yarinyar, duk wanda ke kusa ya karɓa ya dire ta inda ya samu fili. Tun da tsakiya ta riga ta cika, filin da ke saura kullum shi ne bakin gefe. Tsohuwar ta hau daga ƙarshe, ta rungume ƙwaryarta da hannu biyu don kada nonon ya zube. Ba mai riƙe yarinyar.

Daga inda nake zaune, madubin gefen motar daidai kanta yake nunawa. Ina ganin 'yan ƙafafunta suna lilo a saman taya. Wani lokaci ta kama igiya, wani lokaci ta saki tana nuna shanu ko jakuna a bakin hanya. In gyangyaɗi ya ɗebe ta sai in ga kanta yana sunkuyowa waje. Malama, tun daga mararrabar nan har mu shiga tashar Jega, Malam Surajo yana ba ni labarin farashin albasa da rashin kyawun hanya, ni ina amsa shi da to, to, idona na kan madubi, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Na ji tsohuwar tana kiranta Mairama. Matashiyar kuwa ban taɓa jin ta kira sunanta ba, ban taɓa ganin ta dube ta ido da ido ba. A tasha in ta sayi ƙosai ba ta miƙa wa yarinyar, sai ta miƙa wa tsohuwar ita ta ba ta. Ran nan yarinyar ta zo ta jingina a jikinta, ta ture ta a hankali ta matsa gefe. Da farko na ɗauka matar ubanta ce, na ce a raina marainiya ce shi ya sa. To amma kamarsu ɗaya, har 'yar wushiryar. Idan uwarta ce, wace irin uwa ce wannan? Idan ba uwarta ba ce, wa zan yi wa magana?

Za ki ce me ya hana ni buɗe baki tun ranar farko. Bari in gaya miki, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maigidana. Da damina mun je suna a Maiyama ni da ƙanwarsa Kubura. Muna jiran mota a tasha sai na ga wani yaro mai rarrafe ya nufi kaskon mai suyar ƙosai, man yana tafasa, uwarsa ta juya tana ciniki. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce mata wane irin sakaci ne wannan, ba ta ganin ɗanta zai ƙone? Ta suri yaron, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga bayana ba goyo, ta ce, “Ke ina naki? In kin haihi naki ki ɗaure shi ga ƙugu.” Masu jiran mota suka yi dariya. Matar ba ta san ni ba, ba ta san na shekara da shekaru da aure ko ɓari ban taɓa yi ba. Kubura ta sani. Ba ta ce uffan ba, sai ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalinta, kuma har muka iso Jega ba ta dube ni ba. Shirun nata ya fi maganar matar yi mini ciwo.

Tun daga ranar nan, in na ga ɗan wani a wani hali na buɗe baki, sai in tuna maganar matar nan in fasa. Nakan ce wa kaina, ke wa ya aike ki, masu haihuwa sun fi ki sanin yadda ake riƙon yaro.

Duk da haka na gwada ta bayan fage. Na ce wa Malam Surajo ko ba ya tsoron yarinyar nan ta faɗo. Ya yi dariya ya ce ɗiyan Fulani tun ba su iya tafiya ba ake aza su bisa sa, in ba su faɗo daga bayan sa ba, ba motarsa ce za ta kayar da su ba. Ya ce ni 'yar birni ce shi ya sa komai ke ba ni tsoro. Na kai maganar wurin maigidana. Ya saurare ni, bai yi mini faɗa ba, amma ya ce in rufa masa asiri. Ya ce shi sabo ne a wurin, aikinsa kuma tsakanin manoma da makiyaya yake, ko shanu suka shiga gonar albasa shi ake kira ya duba ɓarna, kuma kowane ɓangare yana jiran ya ga inda zai karkata. In aka ce matar malamin gona ta ci mutuncin matan ruga a cikin mota, kafin la'asar labarin ya zama wani abu daban. Na san gaskiya ya faɗa. Na bar maganar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru ranar kasuwar da ta wuce. Mun hau kwalta ke nan, wata babbar mota ta taho ta cinye hanya, Malam Surajo ya kauce ya faɗa wani rami. Na ga yarinyar a madubi ta zame, rabin jikinta ya fito waje. Wani mai albasa da ke kusa ya cafko ta ta riga ya mayar da ita. Ni ko ihu ban iya yi ba, hannuna ne kawai ya danne bakina. Mutanen sama suka bubbuga rufin mota aka tsaya. Na fito. Yarinyar tana kuka, tsohuwar ta jawo ta tana lallashi tana duba gwiwarta. Matashiyar kuwa ƙwaryarta ta kife, nono ya malale a kan buhuna har yana ɗiga ƙasa. Ba ta taɓa yarinyar ba. Ta ja zane ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Wani ya ce ta yi haƙuri, nono ai shanu za su sake kawowa. Na ji kamar in hau in shaƙe ta. Yarinya ta kusa mutuwa, ke kina kukan nono?

Aka gyara zama, aka ɗan matsar da yarinyar ciki. Da yamma da za mu dawo, motar ta cika da buhunan gishiri da masu komawa gida, sai ga ta a bakin gefe kamar ba abin da ya faru.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara ɗaure ni. Saboda yawan kallon da nake yi wa yarinyar in suna hawa da in suna sauka, tsohuwar ta lura da ni. Yanzu in ta gan ni sai ta jawo ta bayanta, bakinta yana motsi, har ta ɗan tofa gefe. Na gane abin da take zato. Baƙuwa ce ni, ba ta san asalina ba, ba ɗa a bayana, kuma kullum idona na kan jikarta. Ranar da na fahimci haka na kasa cin abinci. Ni da nake yi wa yarinyar addu'a, ni ce aka mayar abin tsoro.

Yanzu ranar kasuwa in ta matso sai gabana ya riƙa faɗuwa. Na yi tunanin in ce wa maigidana ba ni da lafiya in daina zuwa, ko in roƙe shi ya canza mini mota, in huta da gani. To amma tsohuwarsa tana jirana, kuma ko na daina gani yarinyar tana nan a inda take. In na yi magana, ina tsoron gori, ina tsoron jawo wa mijina matsala, ga shi an riga an zarge ni. In na yi shiru wani abu ya same ta, ban san yadda zan ci gaba da zama da kaina ba. Shin ina da ikon sa baki a kan 'yar da ban haifa ba, ban san iyayenta ba? In ina da shi, wa zan yi wa magana, me zan ce? Ko kuwa shisshigi ne kawai da zafin rashin haihuwa ke sa ni, in nemi tsari in kawar da kai? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Don Allah kada ki buga sunana.

Taki cikin damuwa,
Baƙuwar Sabiyal

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Takardarki ba ta yi tsawo ba, kuma ta kai a kawo ta jarida, domin masu karanta filin nan da yawa sun taɓa zama a irin kujerar da kike zaune.

Akwai ruɗanin da yawancinmu muke ciki, kuma na ga ke ma kina cikinsa. Muna ɗauka in mun ga ɗan wani cikin hatsari hanya biyu ce kawai, ko mu nuna wa uwarsa ta yi kuskure, ko mu kame bakinmu. Muna haɗa kare yaro da gyara wa uwa zama, kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na farko kowa yana da iko a kansa, mai ɗa da marar ɗa, ɗan gari da baƙo. Na biyu shi ne yake jawo faɗa, kuma sau da yawa ba a ma buƙatarsa. Za ki iya raba Mairama da bakin motar nan ba tare da kin ce wa kowa ya yi sakaci ba.

Kafin in zo kan yadda za ki yi, bari mu duba matashiyar nan da kike jin haushi. Ban gan ta ba, ke kika gan ta, amma duk abin da kika lissafa ya yi mini kama da abu ɗaya. Ina kyautata zaton uwarta ce, Mairama 'yar farinta ce, tsohuwar kuma uwar mijinta. Na san kin ji labarin kunyar ɗan fari, wataƙila a Kaduna kin ga masu yinta sama-sama, a ƙi kiran suna a yi dariya a wuce. A karkarar nan, musamman a ruga, abin ya wuce nan nesa. Yarinya mai haihuwar fari ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukarta. In ta yi, za a daɗe ana ba da labarinta a matsayin marar kunya. Shi ya sa take miƙa ƙosai ta hannun tsohuwar. Amma ki lura, ita ce ke sayen ƙosan.

Sannan ki sake tunanin ƙwaryar da ta kife. Mai tallar nono tun tana ƙarama take riƙon ƙwarya, kuma wannan ba shi ne ramin farko da motar ta faɗa ba. Tsohuwar da ke zaune a mota ɗaya tata ba ta zube ba. Ni a ganina hannunta ne ya saki ƙwaryar ya nufi 'yarta, wani ya riga ta, sai ta tuna a gaban wa take. Kukan da ta rufe fuska tana yi, ba na jin na nono ne. Ina ganin duk motar nan ba wanda ya kai ta jin abin da kike ji, kuma ita ko addu'a ba ta da damar yi a fili.

Ban kawo wannan don in ce al'ada ta wanke kowa ba. Yarinya 'yar shekara uku a bakin mota mai gudu hatsari ne, ko 'yar wa ce, kuma bayan sa ba kwalta ba ne. Amma ki gane yadda al'adar take aiki. A gida uwa tana kawar da kai ne saboda ta san akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan gida da hannunsu yake a sake, su ne masu ɗauka. A kan buhunan albasa kuwa, hannun kakar yana kan ƙwarya, sauran fasinja kowa yana ganin ai ga iyayenta nan. Wurin da wata mace ya kamata ta tsaya ya zama ba kowa. Idan kika shiga wurin nan ba ki karya musu al'ada ba. Abin da al'adar ke jira kika yi. In kuma na yi kuskure, matashiyar ba uwarta ba ce, shawarata ba za ta canza ba.

Maigidanki yana da gaskiya, kada ki raina maganarsa. Aikinsa yana buƙatar a yarda da shi ta kowane ɓangare, kuma tsawa ɗaya a cikin mota za ta iya ɓata masa abin da ya fara ginawa. Amma abin da yake tsoro cin mutunci ne. Ba na jin zai hana ki gaishe da dattijuwa ko ki ɗora yarinya a cinya. Ki koma masa da maganar a haka, ki gaya masa dalla-dalla abin da za ki yi da abin da ba za ki yi ba, ki nemi izininsa. Matar malamin gona da ke riƙe 'yar ruga a gaban mota, wannan labari ne da zai taimaki aikinsa in ya yaɗu.

Tsohuwar ma ban ga laifinta ba. Ki sa kanki a matsayinta. Wata mace da ba ta taɓa ce miki sannu ba tana zaune a bayan gilashi tana bin jikarki da ido mako bayan mako. Ke ma sai kin tofa. Shirun da kika ɗauka shi ne zaman lafiya, shi ya jawo miki zargin. Maganinsa kuwa gaisuwa ce. In an tsaya a mararrabar, ki buɗe ƙofa ki sauko, ki rusuna ki gaishe ta kamar yadda za ki gaishe da uwar mijinki. Ki gaya mata ke matar wane ce, kuma gidan wa kike zuwa dubiya a Jega, domin wanda aka san gidansu ba a cika tsoronsa ba. Ki sayi nononta. Ki sa wata maƙwabciyarki ta koya miki gaisuwar safe da Fulatanci, in kin kwaɓa ta tsohuwar ta yi miki dariya, to kin ci riba. Kada ki yaba kyan yarinyar, in ya kama ki ce tubarkalla. Kada ki miƙa mata abin ci kai tsaye, ki ba kakar.

Sannan ki yi roƙonki, kuma ga tsohuwar za ki yi shi. Kada ki tambayi matashiyar, kada ma ki dube ta, domin in kin tambaye ta dole ta nuna ba ruwanta, ki sake jin haushi a banza. Ki ɗora laifin a kan hanya, ki mayar da abin alfarma ce ake yi miki. Magana kaɗan ta isa: “Inna, hanyar nan ta lalace. Ba ni ƙawata ta zauna gaba ta taya ni hira.” Ba sakaci a ciki, ba wa'azi, ba wanda zai ji an ƙure shi a gaban mutane.

Mai yiwuwa ta ƙi, musamman a karon farko, kuma tana da hujja. In ta ƙi, kada ki ja. Ki ce to ita ta shigo gaba da yarinyar ku matsu, a miƙa ƙwaryarta sama. In wannan ma bai yiwu ba, saura Malam Surajo, kuma shi ne mai iko a motarsa. Kin tambaye shi ko yana tsoro, dattijon direba kuwa ba zai ce wa matar abokinsa yana tsoro ba. Bari maigidanki ya same shi su biyu, ya nuna masa cewa shi yake ji wa, domin ranar da yaro ya faɗo, direba ake riƙewa. Abin da za a roƙe shi ƙarami ne: in ana lodi a bar gurbi tsakanin buhuna daga tsakiya, jikin kan mota, ya ce nan ne wurin yara. In direba ya faɗa, dokar mota ce, ba wanda zai ji an zage shi. Bayan abin da ya faru a ramin nan, ina zaton zai fi saurin ji fiye da da.

Duk wannan na lokacin da akwai sarari ne. In kin ga tana zamewa, ko yaro ya nufi wuta, ko ya shiga bayan motar da ke ja da baya, babu gaisuwa babu lallashi. Ki yi ihu, ki buga ƙofa, ki sa a tsaya, ki cafke shi. Haƙuri a ba da shi daga baya. In kuma abin ya fi ƙarfinki, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa ko wanda ake yi wa dukan da ya wuce hankali, kada ki ɗauke shi ki tafi da shi ke kaɗai. Ki tsaya a inda mutane ke ganinki, ki sa a kira sarkin tasha ko sarkin kasuwa, su suka san wanda za a nema.

Yanzu maganar Maiyama. Na ji zafinta tun daga nan. Amma ki duba abin da ya faru da idon basira. Kin yi magana, uwar ta juyo, yaron bai ƙone ba. Abin da kika nema kin samu. Matar ta tsorata ne, kuma an kunyata ta a gaban jama'a da kalmar sakaci, sai ta jefe ki da abin da ya fara zuwa bakinta, ba ta san inda zai sauka ba. Da kin ce mata kawai ga yaro ga wuta, wataƙila da godiya za ta yi. Wannan darasi ne a kan kalmomi, ba hukunci ba ne a kanki. Haihuwa ba ita ke ba mutum izinin tausayin yaro ba. Kin yi karatun koyarwa, gobe za a cika miki aji da 'ya'yan mutane, kuma ba wanda zai tambaye ki ina naki kafin ki hana su hawa katanga. Abin da ke damunki a motar nan ba shisshigi ba ne. Duk mai ido ya kamata ya dame shi. Ki kuma daure ki ba maigidanki labarin Maiyama, kin daɗe kina ɗauke da shi ke kaɗai.

Ba zan ɓoye miki ba, kina iya yin duk wannan a ƙi ki. Kina iya sake jin baƙar magana. Ba ki da iko a kan yarinyar in ta sauka daga motar nan, kuma akwai wasu motocin da wasu yaran da ba za ki taɓa gani ba. Wannan ba a wuyanki yake ba. Abin da ke hannunki tafiya ɗaya ce a mako, da cinya, da baki. Kada ki canza mota, kada ki ƙirƙiri ciwo. In an ƙi wannan makon, ki sake gaisuwa mako mai zuwa, mutanen karkara suna daɗewa kafin su yarda, amma in sun yarda sun yarda ke nan.

Ki gwada ranar kasuwar nan mai zuwa. Kafin ranar, ki faɗi maganar da bakinki a ɗaki har ta daina yi miki nauyi. In motar ta tsaya a mararraba, kada ki jira zuciyarki ta kwanta, ba za ta kwanta ba. Ki sa hannu ki buɗe ƙofar ki sauko da faɗuwar gaban naki. Ku ma masu karatu, duk wanda ya ga ɗan wani a inda bai dace ba a makon nan, ya gwada sallama da magana mai laushi kafin ya yanke cewa ba ruwansa.

Allah ya tsare muku hanya, ya raya Mairama, ya sanyaya zuciyar wadda ta haife ta, ke kuma ya ba ki masu albarka a lokacin da ya fi alheri.

Taku,
Malama Tasalla